Maame Tana Jiran Gada

Talata, 17 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Gobe Ministan Kuɗi zai karanta kasafin baɗi a majalisa. Na sa an goge babbar talabijin ta ofis, na ce wa direbobina duk wanda ba ya kan hanya ya zo ya ji da kunnensa. Onarabul, ɗan majalisarmu, ya kira ni da rana daga Accra. "Ciyaman, ka sa lemo a ƙanƙara. Gadarka tana ciki, da idona na gani." Gadar ƙarfe ce, irin wadda ake kawowa gunduwa-gunduwa a ɗaura. In kuɗi suka fita a Janairu, kafin Ista mota za ta tsallake kogin Bremu ta shiga garinmu Bremuso.

Yau wata biyar da mako guda Maame, mahaifiyata, tana firjin gawa na asibiti.

Ranar zaman kwana bakwai, a gaban Nana, sarkin garinmu, da dattawansa da dukkan dangi, na miƙe na rantse cewa mahaifiyata ta gama shiga kwale-kwale. A kan gada za ta koma gida, cikin mota, da 'yan badujala a gaba. Wofa Nsiah, ƙaninta, shi ne babban danginmu, kuma gawa a hannunsa take ba a hannun 'ya'ya ba. Ya dube ni ya ce, "To, Bediako, mun ji." Yayata Afrakoma kuwa tsaki ta ja. Ungozoma ce, kuma tun da ta bi 'yan adawa ko ruwan sama aka yi a zamanin gwamnatinmu sai ta ce bai jiƙa ƙasa ba.

Ni ban yi dogon karatu ba. Daga aji uku na bar sakandare na shiga kwandasta. Yau manyan motoci tara ke ɗaukar doya da kashu da sunana a goshinsu, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina shugaban jam'iyya a mazaɓa. Ban taɓa faɗar magana ta faɗi ƙasa ba.

Talata ce. Kogi na hutu, ba a tsallaka shi. Ba na son Talata.

Laraba, 18 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Awa biyu da rabi minista yana karatu. Ya sha ruwa sau huɗu. Mutanenmu suna kaɗa fararen hankici, waɗancan 'yan adawa suna ɗaga kwalaye suna ihu kamar 'yan tasha. Na ji filin wasa na zamani, na ji bikin ƙasa, na ji biyan bashin waje, na ji sabon haraji a kan man manyan motoci. Ban ji Bremu ba.

Ai minista ba ya karanta ƙananan ayyuka da baki. Suna cikin babban littafin, a shafukan baya. Haka na gaya wa direbobi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ciyaman, to wannan lemon fa?" Na ce su sha.

Alhamis, 19 ga Nuwamba, da safe

Wayar Onarabul tana shiga, ba a ɗauka.

Juma'a, 20 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Afrakoma ta shigo ofis da kayan aikinta, ba ko sallama, ta ajiye min takardu a kan tebur. Wai wani malamin makaranta ne ya buga mata su.

"Ciyaman mai girma, ga shafukan bayan. Sa tabarau."

"Sista, ni ba yaro ba ne."

"Shi ya sa na ce ka sa tabarau."

Na bi layi-layi da yatsa. Kuɗin hanyoyin karkara an raba shi biyu an ɗauke rabi. Gadoji goma sha ɗaya ne a duk ƙasa, tamu ba ta ciki. A shafi na gaba ga rancen motocin 'yan majalisa, kowa da tasa, irin masu hawa dutse.

Na ce mata ƙasa ba gidan haihuwa ba ce da za a tafiyar da ita da tausayi. Dole a biya bashi, dole mu sami abin da za mu nuna wa baƙi masu zuba jari. Ta ce, "Su masu jarin a filin wasa za su haihu?" Na tuna mata duwatsu uku ne a bakin Bremu masu ɗauke da allon aza harsashin gada, kuma na farkon mutanenta ne suka kafa shi, da ganguna da komai. Ta ce, "Haka ne. Namu ɗaya, naku biyu. Kun fi mu ƙarya da dutse guda."

Har ta kai ƙofa ta juyo. "Na je na gan ta jiya. Ta yi duhu, Bediako. Fuskar ba tata ba ce kuma."

Wa ya aike ta?

Lahadi, 22 ga Nuwamba, bayan coci

Yau ya ɗauka. Wai yana cikin taron kwamiti kwana uku. A kwamitin nan babu fita bayan gida ke nan.

"Ciyaman, abin ya fi ƙarfina. A daren ƙarshe aka yanke. Amma akwai kwaskwarimar tsakiyar shekara, a Yuli za mu cusa ta."

"Yuli? Onarabul, ka san inda uwata take kwana?"

"Na sani, wallahi abin yana raina. Amma ka riƙe mana mazaɓa. Ratarmu da waɗancan a majalisa ba ta kai yatsun hannu ba, in kasafin nan ya faɗi gwamnati ta ji kunya. Jibi akwai shiri a rediyonku, kai za ka je."

Sannan ya rage murya ya ce filin wasa zai ci yashi da tsakuwa har shekara biyu, kuma ana neman mai motoci ɗan gida.

Abin da ya ba ni ƙyama ba maganarsa ba ce. Kafin ya rufe baki har na fara tunanin waɗanne motoci zan ware.

Talata, 24 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je. Na sa farar riga mai aiki a wuya. Sun zaunar da ni gaban wani yaron 'yan adawa mai digiri biyu da takalmi ɗaya, yana ta kawo alƙaluma. Na murƙushe shi. Na ce wanda bai taɓa biyan albashin ko mutum ɗaya ba kada ya koya wa gwamnati rabon kuɗi. Na ce kasafin nan kasafin hangen nesa ne. Da bakina na faɗa. Mai shirin har tafi ya yi.

Sai aka buɗe layi. Masu kiranmu na kullum, waɗanda muke saya wa kati, suka yi aikinsu. Sai mai shirin ya ce ga wata uwa daga ƙetaren ruwa.

"Ina kwana, ɗana. Tambaya ɗaya gare ni ga Ciyaman. Wannan hangen nesan, yana hango firjin asibitin gunduma? Akwati na huɗu daga ƙasa?"

Mai shirin ya ce, "Auntie, wane ne a ciki?"

"Shi ya sani. Ka kuma tambaye shi sau nawa aka kira wayarsa ran Talata, tara ga Yuni."

Suka sa tallar maganin basir. Yaron nan mai digiri ya sunkuyar da kai har aka tashi. Da ya zage ni da ya fi min.

A gidan rediyo! Afrakoma, mace mai shekara sittin, ta kwashe zancen gida ta zuba a kasuwa. Tir.

Talata, ƙarfe huɗu

Ba zan rubuta zancen wayar nan ba.

Alhamis, 26 ga Nuwamba, da yamma

A tasha ba wanda ya tayar min da zancen. Gaisuwa ma ta ƙaru. Matar da nake cin fufu a wurinta shekara ashirin ta ƙara min nama ba tare da na nema ba, ta ce, "Ci, Ciyaman, ka rame." Ban iya gamawa ba. Ni ake tausaya wa yanzu.

A talabijin, majalisa ta zama filin dambe. An ture kujerar shugaba, an yaga wa wani riga, wata ta zauna a kan akwatin ƙuri'a. Waɗancan sun fice suna waƙa, sun ce kasafin mugunta ne, ba za su sa hannu a jinin talaka ba. Na hango namu Onarabul a baya yana duba waya. To wayar tana aiki.

Asabar, 28 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Wofa Nsiah ya aiko a kira ni. Na bar mota a bakin ruwa. Agya Manu mai fito ya ɗaure kwale-kwalensa a jikin dutsen aza harsashi na biyu, wanda ni na tsaya kusa da minista ranar da aka kafa shi. Ya ga ina kallo ya ce, "Yana da amfani, Ciyaman. Na farkon ya fara girgiɗi, amma naku da siminti mai kyau aka yi."

Ban san ko zolaya ba ce. Da tsohon nan ba ka taɓa sani.

Wannan ne karo na farko da na shiga jirginsa tun Yuni. Na zauna a can gaba. Ban kalli tsakiya ba.

Wofa yana ƙarƙashin bishiyar mangwaro da 'yan'uwan Maame mata. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan 'yar'uwata, gwamnati ta yi nata lissafin, ba mu ciki. Mu ma sai mu yi namu. Tsofaffin nan suna so su raka 'yar'uwarsu tun ƙafafunsu na ɗaukarsu. Dangi sun sa sha tara ga Disamba."

Na ce na rantse a gaban Nana.

"Rantsuwa ana kwance ta. Ka san hanya."

Na san hanya. Mutum ya tsaya a fada ba takalmi, zane a sauke zuwa ƙugu, ya ce bakinsa ya fi ƙarfinsa. Ni, Yaw Bediako Ntim. A gaban mutanen da nake saya wa kwanon rufi. Na ce a ba ni zuwa Yuli, ni ke biyan firji ba wani ba. Ƙaramar innarmu, wadda ba ta gani sosai, ta ce, "Bediako, ita Dufie, uwarka, sanyi ne ba ta so. Ko da zafi da bargo take kwana."

Na tashi na tafi ban yi sallama ba.

Litinin, 30 ga Nuwamba

Zawo tun jiya. Ban fita ba.

Laraba, 2 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana

Kasafi ya wuce. An ƙirga kawuna, an sake ƙirgawa, aka ce masu "e" sun yi rinjaye. Har wani da ke kwance a asibiti an kawo shi cikin motar marasa lafiya ya ɗaga hannu aka mayar da shi. Ashe in ana so motar asibiti tana isa ko'ina a kan lokaci.

Waɗancan masu jinin talaka sun dawo zauren daidai lokacin da aka zo kan rancen motoci. Wannan sashen ba a ƙirga kawuna ba. Murya ɗaya, kamar mawaƙan coci.

Na kira Afrakoma don in ji me za ta ce. Ta ce, "Na gani. Karnuka ne su ma. Ka ji daɗi?"

Ban ji ba.

Alhamis, 3 ga Disamba, da safe

Onarabul ya aiko da takardar kwangilar yashi, a sa hannu kafin Juma'a. Da saƙo a baki: wai in an tsayar da ranar jana'iza a sanar da shi da wuri, zai zo da manyan baƙi, kuma wuri ne mai kyau da zai yi wa jama'a albishir ɗin Yuli. In da hali ma a ɗaga ta zuwa kusa da zaɓen fid da gwani.

A kan gawar uwata zai kafa dutse na huɗu.

Takardar tana cikin aljihun tebur. Ban sa hannu ba, ban kuma yaga ba. Gaskiya nake rubutawa a nan.

Asabar, 5 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je asibiti. Mai kula da wurin ya jawo akwatin.

Afrakoma ba ta yi ƙarya ba.

Talata, 8 ga Disamba, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ciwon ya kama ta da azahar, a ƙirji. Afrakoma tana gari ran nan. Suka ɗauko ta a kan ƙofa zuwa bakin ruwa. Talata ce. Agya Manu ya ce zai tura jirgi, amma kowa ya san dokar: wanda ya taɓa Bremu ranar hutunsa rago ne a kansa, kuma sai wani mai ƙarfi ya tsaya wa dattawa cewa za a kawo. Bara an ci shi tara ya sayar da gonarsa ta rogo, ba zai sake ba sai da magana. Wofa yana Kumasi. Kuma ko sun tsallaka, sai da mota a wancan gefen. Maganata kawai ake nema, da mota ɗaya cikin tara.

Ina otal a babban birnin yanki. Taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafin nan ne, minista ya zo da kansa. Aka ce manya su kashe waya don girmamawa. Na kashe. Na yi jawabi a kan gadar Bremu har aka tafa min. Bayan taro aka yi liyafa. Ban tuna da wayar ba sai da gari ya waye.

Sau goma sha ɗaya aka kira.

Sun jira har asuba, Talatar ta fita, suka tura jirgi. A tsakiyar ruwa ta cika.

Da na tashi a zaman kwana bakwai na yi rantsuwar nan, kowa ya ɗauka ƙaunar uwa ce. Ni dai na ga in ana zancen gada ba za a yi zancen waya ba.

Juma'a, 11 ga Disamba, da yamma

An yi. A fada, da hantsi, gari ya cika kamar ana rabon taki. Na cire takalmi, na sauke zane, tumbina a waje kowa na kallo. Na ce, "Nana, bakina ya ɗauki abin da hannuna bai kai ba. Ina roƙo a kwance ni." Kakakin sarki ya maimaita da ƙarfi, har sau biyu, wai na baya ba su ji ba. Ƙarya ne, sun ji. Tun muna firamare ba ya ƙaunata.

Dattawa suka shiga ciki suka fito. Kwalbar giya biyu da rago ɗaya.

Rago ɗaya. Na tsaya ina kallonsa ana jan sa da igiya. Ko tsayin gwiwata bai kai ba. Wannan ne abin da aka nema a waccan Talatar.

Afrakoma ce ta miƙo min takalmana. Ta ce, "Sa, ƙasa da zafi." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Litinin, 14 ga Disamba

Na mayar wa Onarabul takardarsa a cikin ambulan ɗin da ta zo. Na ce wa ɗan aiken ya gaya masa jana'iza ran Asabar ce, duk mai zuwa ya zo da hawaye, lasifika kuwa ta dangi ce. Shugabancin jam'iyya ban ajiye ba. Me ya sa ni zan bar musu? Ni na gina ta a nan lokacin da shi yana neman kuɗin mota.

Harajin mai zai fara aiki ran ɗaya ga Janairu. Ni na kare shi a rediyo.

Juma'a, 18 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Mun kawo ta gida. Motar gawa ta tsaya inda hanya ta ƙare, 'yan badujala suka tsaya tare da ita domin jirgi ba zai ɗauke su ba. Akwatin da na saya ya fi faɗin kwale-kwalen, sai da aka haɗa jirgi biyu aka shimfiɗa katako. Na sa an lulluɓe shi da bargonta.

Na zauna a tsakiya, hannuna a kan akwatin. Da muka kai inda ruwa ya fi zurfi Agya Manu ya daina tuƙi, ya cire hula. Ba wanda ya ce masa ya yi. Afrakoma ta ce, "Maame, ga ɗanki ya zo." Ban san ko da ni take ko da ita ba.

Daga bayanmu badujala na ta busa, daga gabanmu mata sun fara kuka.

Lahadi, 20 ga Disamba, bayan coci

An binne ta jiya. Jama'a sun zo, ba a ji kunya ba. Onarabul bai zo ba, ya aiko da furanni masu launin jam'iyya da sabuwar motarsa mai hawa dutse. Direban ya ga laka ya ƙi sauka, ya jingina furannin a jikin dutse na uku ya juya. Awaki sun gama da su kafin la'asar.

Talata, 22 ga Disamba, ƙarfe goma na safe, Bremuso

Ina gari, ba fita sai gobe. Daga nan ina hango motata a wancan gefen.

Jiya na sa an tsallako da raguna uku, na ɗaure su a bayan gidan Agya Manu, a gaban Wofa da kakakin sarki don kada wani ya ce bai sani ba. Na ce duk Talatar da aka kawo marar lafiya ko mai naƙuda, ya tura jirgi, ga tarar a ɗaure. In sun ƙare a gaya min. Mota ɗaya kuma za ta riƙa kwana a bakin ruwa kowace Litinin. Agya ya zagaya su, ya taɓa bayan kowanne, ya ce, "To ciyawarsu fa, Ciyaman? Tana cikin kasafin ko sai Yuli?"

Afrakoma ta zo ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Ba ka sa musu allo da sunanka ba? A kira 'yan rediyo mana."

Na ce ta bar ni in ji da abin da ke damuna.

Ta ce a watan gobe akwai mata huɗu da take sa ran haihuwarsu, raguna uku ba za su kai ko'ina ba. Har yanzu wai ban iya lissafi ba.

Waya tana nan a kan gwiwata, a kunne. Onarabul ya kira sau biyu. Ina kallo tana ƙara.